Gidan Ubangida ko Tashar Kai: Wace Ƙofa Ta Fi Dacewa da Mai Son Cin Abinci da Fim?

Matashin da ya ƙudura a ransa cewa da fim zai ci abinci, ko a matsayin marubuci, ko jarumi, ko mai ba da umarni, ƙofa biyu ce a gabansa a yau. Ta farko ita ce ya nemi kamfanin da ya riga ya kafu, irin waɗanda ofisoshinsu suke Titin Zoo da kewayensa a Kano, ya zama yaron gida a hannun wani furodusa ko darakta har Allah ya ɗaga shi. Ta biyu ita ce ya buɗe tasharsa a YouTube, ya tara abokan aiki, ya zuba kuɗinsa ko na wanda ya yarda da shi, ya riƙa sakin aikinsa ba tare da jiran wani ya kira shi lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ba. Galibin masu ba da shawara sukan mayar da maganar ta zama zaɓi tsakanin bauta da 'yanci, alhali ainihin bambancin yana cikin tambayoyi biyu ne: wa zai mallaki aikin bayan an gama shi, kuma wa zai ɗauki asara idan kasuwa ta juya masa baya?

Ƙofa ta biyu ba tsohuwa ba ce. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, har zuwa zamanin faifan CD, makullin harkar yana hannun 'yan kasuwa ne, musamman na Ƙofar Wambai. Furodusa zai gama fim, ya buga kwalinsa, sannan ya jira abin da 'yan kasuwa za su yi da shi, kuma wanda ba su san fuskarsa ba da wuya su karɓi kayansa. Satar fasaha da yaɗuwar wayoyin hannu su suka durƙusar da wannan tsari, domin mai kallo ya gane cewa da ɗan canji kaɗan masu tura fina-finai za su cika masa waya. Bayan haka tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da shiri mai fitowa mako-mako, kullen korona na 2020 kuma ya zaunar da jama'a a gida da waya a hannu, sai fim mai dogon zango ya mamaye ko'ina. Nasarar shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina a YouTube ita ta sa kowane matashi yake ganin shi ma zai iya, kuma a nan ne ake yawan yin kuskuren lissafi, domin waɗanda suka yi su ba sababbin shiga ba ne. Sun daɗe a cikin masana'antar Kannywood, suna da suna da jama'a kafin su buɗe tasha.

Abin da gidan ubangida yake bayarwa wanda ba a sayensa da kuɗi shi ne sanin aiki. Yaron gida yakan fara da ɗaukar kaya, da riƙe fitila ko sandar ɗaukar murya, da lura da kontiniti, wato ya tabbatar hular da jarumi ya sa da safe ita ce a kansa idan an dawo ƙarasa sin ɗin da yamma. Aiki ne da ba ya kawo suna, amma a cikinsa mutum yake koyon yadda ake kammala sin masu yawa a gidan haya kafin rana ta faɗi, da yadda ake lallaɓa babban jarumin da ya zo a makare saboda ana jiransa a wani lokeshan, da yadda ake neman izinin mai unguwa kafin a kafa kyamara a layi, da abin da ake yi idan janareta ya ƙi tashi alhali an riga an biya kuɗin abincin mutum talatin. Duk wanda ya tsallake wannan makaranta zai koyi darussan nan dai, sai dai da kuɗin aljihunsa zai koye su. Akwai kuma amfanin da ya fi wannan girma ga jarumi: fuskar da ta fito kusa da fitacciyar fuska a shirin da dubban mutane suke jira kowane mako tana samun karɓuwar da sabuwar tasha ba za ta iya ba ta ba cikin shekara guda.

Aibin wannan hanya shi ne ba ta da ranar yaye. Mai koyon ɗinki ko kanikanci ya san akwai lokacin da za a sallame shi ya buɗe nasa shagon, amma yaron gida a harkar fim yana iya shafe shekaru yana jiran a ce lokacinsa ya yi. Sallamar da ake yi masa bayan aiki sau da yawa ba ta da tsayayyen farashi, abin da ya samu ne ake miƙa masa, kuma kunya irin tamu ta hana shi ya dubi wanda yake kira ubangida ya tambaye shi nawa za a biya shi kafin a fara. Ga kuma ɓangaranci: da zarar an san mutum da cewa yaron wane ne, wasu gidajen sai su daina kiransa, idan kuma ya amsa kiran wani gida sai nasa ya ɗauke shi butulu. Ba kowane kamfani ne haka ba, akwai masu riƙon amana da suke ɗaga yaransu da gaske, amma tsarin kansa ya jingina ne ga halin mutum ɗaya, ba ga wata ƙa'ida da za a iya kafa hujja da ita ba.

Aiki da gidan talabijin, irin Arewa24 ko Africa Magic Hausa, reshe ne na wannan ƙofa ta farko, sai dai ya fi tsari, domin ana aiki da takarda da wa'adi. Shirin Daɗin Kowa kaɗai ya fito da fuskoki da dama da ba a san su ba a da. Guraben ne ba su da yawa, kuma wanda ya kawo shirin da ya yi da kansa dole ya bambance tsakanin sayar da shi ɗungurungum da bayar da izinin nunawa na wani lokaci, domin na farko rabuwa ce ta har abada.

Idan aka juya ga tashar kai, ya kamata a fara da ƙa'idojin YouTube yadda suke. Kafin tasha ta fara samun rabo daga tallan da ake sakawa a bidiyonta, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin watanni 12 da suka gabata, ko kuma mabiya 1,000 ɗin da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyoyi cikin kwana 90. Awa 4,000 daidai take da minti 240,000. Idan kowane mai kallo yana tsayawa minti 20 a kan kashi ɗaya, ana buƙatar kallo 12,000 ke nan, adadin da ba shi da wuya ga mai suna amma yakan ɗauki sabon shiga watanni. Bayan an karɓi tasha, mai ita yana samun kaso 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogayen bidiyoyi, ba a turo masa komai sai abin da ya tara ya kai dala 100, kuma kuɗin wata ɗaya sai wajen ƙarshen wata mai bi masa yake shigowa. Ma'anar wannan ita ce zangon farko gaba ɗaya, daga kuɗin hayar kyamara zuwa man janareta da sallamar jarumai da ladan mai tace hoto, daga aljihun mai tasha zai fito ba tare da ko sisi ya dawo ba.

Akwai kuma abin da yawan kallo yake ɓoyewa. YouTube ba ya biya a kan yawan idanu kawai, yana biya ne gwargwadon abin da masu talla suka zuba domin isa ga waɗannan idanun, kuma masu talla sun fi tsadanta mai kallon da yake Saudiyya ko Ingila ko Amurka a kan wanda yake Kano ko Maraɗi. Tunda mafi yawan masu kallon fim ɗin Hausa suna Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu, lambar da ake gani a ƙarƙashin bidiyo takan fi abin da ya shiga asusu girma nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa manyan tashoshi suke cika shirinsu da tallan da suka karɓo kai tsaye daga masu sayar da atamfa da turare, da dillalan filaye, da masu maganin gargajiya, har mai kallo ya gaji kafin a koma labari. Sai dai wannan tallan ba ya zuwa wurin wanda bai tara jama'a ba tukuna. Gaskiya ne cewa faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa dalar YouTube ta ƙara auki idan aka canza ta, amma cire tallafin man fetur a wannan shekara ta 2023 ya ɗaga kuɗin zirga-zirga da abinci da wutar lokeshan, saboda haka abin da ya ƙaru ta nan ya zurare ta can.

Duk da haka, akwai abu ɗaya da tashar kai ta fi kowane gida da shi, wato mallaka. Yaron gida da aka sallama an gama da shi, ko da shirin ya ci gaba da kawo kuɗi shekara biyar. Mai tasha kuwa kowane kashi da ya ɗora yana nan yana aiki, sabon mai kallon da ya ji daɗin zango na uku zai koma ya nemi na farko, kuma mabiyan da aka tara da shiri ɗaya su ne jarin shiri na gaba. Haka nan YouTube yana nuna wa mai tasha daidai mintin da mutane suka fara barin bidiyo, da ƙasashen da suke kallo daga cikinsu, ilimin da furodusan zamanin kaset bai taɓa samu ba. Marubuci ko daraktan da yake duba wannan da idon basira zai gane cikin 'yan makonni cewa doguwar gaisuwa a falo da maimaita abin da mai kallo ya riga ya sani su suke korar masa jama'a.

Amma ita mallakar nan ita ce kuma take raba abokai. Sau da yawa matasa uku ko huɗu ne suke haɗa gwiwa, ɗaya ya kawo labari, ɗaya kyamara, ɗaya kuɗi, sai a buɗe tasha da adireshin imel na wanda ya fi su sanin kwamfuta, a haɗa ta da asusun bankinsa, ba tare da kowa ya kawo komai a ransa ba tunda babu abin da ake rabawa tukuna. Ranar da dala ta fara shigowa, a idon YouTube tashar ta mutum ɗaya ce, sauran kuwa ba su da wata shaida sai ta baki. Ba a fafe gora ranar tafiya: rabon kowa, da wanda zai riƙe makullin tasha, da abin da zai faru idan ɗaya ya fita, duk a rubuta su a sa hannu a gaban shaidu tun babu ko mabiyi ɗaya, a kuma yi wa kamfaninsu rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC domin a samu asusun banki da sunansa. Wani tarkon kuma shi ne kiɗa. Ɗauko sautin wani a ɗora a bayan sin yana iya sa kuɗin tallan bidiyon ya koma ga mai sautin, idan kuma gargaɗin keta haƙƙin mallaka ya kai uku ana iya rufe tashar da duk abin da yake cikinta.

Maganar hukuma ma tana auna nauyi daban a hanyoyin biyu. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana buƙatar masu harkar su yi rajista kuma su kawo aikinsu a duba kafin a sake shi. Wanda yake ganin cewa intanet ta fitar da shi daga hurumin hukumar sai ya tuna cewa a 2023 ta soke lasisin 'yan masana'antar ta nemi kowa ya sabunta, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da manya irin Labarina da Daɗin Kowa, a kan batun rashin miƙa su domin tacewa. Yaron gida bai cika sanin wannan wahala ba, kamfani ne yake kai-komo a kanta, shi nasa ya mallaki rajistarsa da katin ƙungiyarsa. Mai cin gashin kansa kuwa shi ne furodusa, shi za a kira, kuma jinkirin mako biyu a tsakiyar zango yana iya wargaza masa jama'ar da ya sha wuya kafin ya tara. Dole kuɗin tacewa da lokacinta su shiga kasafinsa tun farko.

To, wa ya kamata ya bi wace? A ganina amsar ta danganta da sana'ar da mutum ya zaɓa a cikin fim, kuma marubuci ne ya fi kowa buƙatar tsayawa ya yi tunani. Fim mai dogon zango yana cin rubutu kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Zango mai kashi 13, kowanne minti 40, minti 520 ke nan, kuma bisa ƙiyasin da aka saba na shafi ɗaya ga minti ɗaya, ana maganar shafi fiye da 500 cikin wata uku. Wannan ya sa marubucin da yake iya riƙe zaren labari ya kuma cika alƙawari a kan lokaci ya zama abin nema, ba ya buƙatar ya sayi kyamara ko ya ci bashi kafin a san da shi. Tashar kai ba ta da amfani sosai gare shi shi kaɗai, domin rubutu ba ya hawa YouTube sai wasu sun taka shi. Abin da ya fi masa shi ne ya yi aiki da gidaje daban-daban ba tare da ya zama yaron kowa ba, ya kuma kiyaye haƙƙinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin da aka riga aka rubuta ko aka adana, ba ta kare tunanin da yake cikin kai, saboda haka marubucin da ya zauna a ofishin furodusa ya zayyana masa labari da baki daga farko har ƙarshe ya yi kyauta ne bai sani ba. Dokar ta kuma tanadi cewa miƙa haƙƙin mallaka ga wani sai a rubuce. Ya kamata takardar ta faɗi ko zango ɗaya aka saya ko labarin duka, da ko za a iya ba wani marubucin ya ci gaba da shi, da yadda sunansa zai fito a allo, da ko yana da damar mayar da labarin littafi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa marubutan fim da yawa daga rubutun littattafan Hausa suka fito.

Jarumi kuwa, musamman sabo, gida ya fi masa. Jarinsa fuskarsa ce da sabon da mutane suka yi da ita, kuma ba ya iya haska kansa da kansa. Wanda ya buɗe tasha domin kawai ya ba kansa matsayin babban jarumi yakan ƙare da fim ɗin da babu mai gaya masa gaskiya a kansa, tunda shi yake biyan darakta. Abin da ya dace shi ne ya shiga gida ya koyi tsayuwa a gaban kyamara, yana kuma gina shafukansa na Instagram da TikTok da sunansa, domin waɗannan mabiyan nasa ne, kuma su ne za su ba shi bakin ciniki ranar da zai nemi a ƙara masa sallama. Ga mace lissafin ya ƙara tsauri: akan nemi amincewar iyaye ko waliyyi kafin a yi mata rajista, kuma al'adar masana'antar ita ce jaruma ta bar fitowa a fim idan ta yi aure. Wadda ta san haka tun farko za ta yi wa kanta tanadi ta hanyar koyon rubutu ko shiryawa ko tace hoto, ayyukan da aure ba ya raba ta da su.

Darakta da furodusa su ne tashar kai ta fi yi wa rana, amma bayan sun yi zaman koyo, ko a lokeshan ɗin wani, ko a makaranta irin Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da take Jos, ko sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero ko na Ahmadu Bello, kodayake takardar makaranta ba ta maye gurbin wata shida a lokeshan. Ma'aunin da zan ba mai wannan niyya guda biyu ne. Shin yana da kuɗin da zai kammala zango ɗaya cif, wanda idan bai dawo ba gidansa ba zai kwana da yunwa ba, kuma ba zai riƙa ɓuya wa masu bashi ba? Shin rubutun zangon duka yana hannunsa kafin ranar farko ta ɗauka? Tashoshi da yawa sun mutu a kashi na huɗu ko na biyar ne saboda an fara da kuɗin kashi uku da fatan YouTube zai biya sauran, ko kuma ana rubuta sin a lokeshan jarumai suna zaune suna jira, kuma mai kallon da aka saba wa alƙawarin ranar fitowa sau biyu ba ya dawowa na uku. Wanda amsarsa ta zama a'a a ɗaya daga cikin biyun, gara ya ci gaba da aikin gida yana karɓar sallamarsa, ya riƙa gwada hannunsa a tasharsa da gajerun labarai na minti goma masu jarumai uku a gida ɗaya, waɗanda za a ɗauka a yini guda kuma kowanne ya ƙare da kansa. Tunda YouTube yana barin a saka talla a tsakiyar bidiyon da ya kai minti 8, irin wannan tsawon ya isa ya fara kawo ɗan abin sayen mai idan tasha ta cika sharuɗɗa, kuma ya isa a nuna wa mai atamfa ko mai turaren da ake so ya ɗauki nauyin zangon farko.